Shekarar Da Aka Hana Tarba A Kanal

Azumin bana ya faɗo a bazara, kuma jikina ya riga kalanda gane shi. Ranar farko da na zo hawa benen ofishinmu, na dafa ƙarfen matakala ya ƙona mini tafin hannu, na ce to, tsohon baƙo ya dawo. Rabona da irin wannan azumin shekara talatin da 'yan kai, tun ina saurayi a ƙauyenmu can tsakanin Kura da Bunkure, inda ruwan kanal yake isowa a gajiye. Da zafin ne kaɗai ya dawo, da da sauƙi. Sai ya zo tare da wani allo da aka kafa mana a bango.

Ofishin akantoci ne namu, ƙarami, a saman wani shagon taki da maganin feshi a bakin titin Kura. Mu muke gyara wa masu injin casar shinkafa da ƙungiyoyin manoman rani littattafansu, mu shirya musu takardun haraji. Wannan lokacin shi ne kakarmu, don mutanenmu sai sun bari wa'adi ya matso sannan su kwaso rasitai a buhu su zube mana. Alhajin da ya kafa ofishin ya tsufa ya koma gida, 'yarsa Hajiya Maryam ce take riƙe da mu yanzu. Ita ta kawo manhajar kwamfutar da ke tafiyar da allon, ta damƙa ta a hannun Nafi'u, akantan da ya fi mu duka hannu a kwamfuta.

Abin ba shi da wuyar ganewa. Kowa da sunansa a allon, a gaban sunan kuma akwai layi. Duk aikin da aka ba ka, sai a ƙiyasta awannin da zai ci a zuba a layinka. In da sauran wuri a makonka, layin ya yi kore. In ka kusa cika, ya yi ruwan ɗorawa. In kayan sun fi ƙarfinka, ya yi ja. Duk Litinin da safe a tara mu a gabansa, a kwashe daga mai ja a ɗora wa mai kore.

"Don kada a danne kowa ne, Baba Lawan," in ji Hajiya, da ta ga yadda nake hararar abin. "Har na sa an rage awannin saboda azumi."

Na ce, "Allah ya saka da alheri, Hajiya." A raina kuwa cewa na yi a gaya wa wani. Ni dai ban taɓa ganin an auna mutum don a ji tausayinsa ba.

Da ta shige ciki Nafi'u ya matso yana dariya. "Baba, kafasiti kawai yake nunawa, wato iya aikin da mutum zai ɗauka, ba ya kai ƙarar kowa."

"Kai da kafasitinka," na ce. "Allon ba ya kai ƙara, na ji. Mai riƙe da allon fa?"

Ba don kaina hankalina ya tashi ba, don Malam Sabi'u ne. Teburinsa yana jikin nawa tun zamanin Alhaji. Mutum ne mai tsafta a aiki, a da in ya duba littafi ba mai sake dubawa. Amma ido ya fara barinsa. Sai ka ga ya kai rasit har kusa da hancinsa, ya karkata shi wajen taga, ya ajiye, ya goge tabarau, ya sake ɗauka. Yana da 'ya'ya a makaranta, kuma a shekarunmu wanda ya sauka daga benen nan ba wani benen da zai hau. Ni da abokan aikinmu biyu mun daɗe da ganewa, ba mu taɓa yin maganar ba ko a tsakaninmu. Sai dai ɗayanmu ya wuce ta teburinsa ya ce, "Malam, ara mini wannan fayil ɗin, akwai abin da nake nema a ciki." Ya tafi da shi, ya dawo da shi a gyare. Shi ba ya cewa komai, mu ba ma cewa komai. A ƙauyenmu sunan wannan tarba, kuma na taɓa ganin ranar da aka hana ta.

A waccan shekarar damina ta yi mana rowa. Hatsin da muka sa a rumbu bai kai ko'ina ba, don haka ran gidan duka yana kan noman rani. Gonakinmu biyu ne, 'yan ƙanana, dukansu a wutsiyar ƙaramin kanal. Ruwa sai ya ratsa gonakin jama'a kafin ya zo mana, kowa ya kafa bututunsa ya zuƙa, abin da ya rage shi ne rabonmu. Mun riga mun yanke alkama. Tumatir ɗin ƙarshe da albasa ne suka rage a ƙasa, su kuwa ba su san haƙuri ba. Da hantsi za ka ga ganyen ya nannaɗe ya sunkuyar da kai, ƙasar kuma ta dare har yatsa yana shiga.

Kai, an yi zafi! Tun kafin rana ta fito iskar take da ɗumi. Rijiyar gidanmu ta ja baya, guga yana fitowa da rabin laka, Inna ta juye a randa ta jira ya kwanta. Sahur ɗumamen tuwon dawa ne, muna tura shi da ruwa don maƙogwaro ba ya so. Da azahar maza su watsu ƙarƙashin mangwaro da jiƙaƙƙiyar riga a ka, ba mai magana, don magana ma tana cin yawu. La'asar na yi sai hadari ya haɗo daga gabas, baƙi ƙirin, har ka ji ƙamshin ƙasa, mata su fara kwashe shanya, sai iska ta zo ta watsa shi kowa ya koma ya zauna. Buɗa-baki kunun tsamiya ne, ranar da aka samu sukari sai an kwana ana labari. Tumatir ɗin da ya fara lalacewa Inna take yankawa ta shanya a kan danga, gidan duk ya ɗauki warin tsami, ƙudaje suna bin mu har ɗaki.

A haka kuma kanal ya toshe. Laka ta cika shi, ciyawa ta rufe, shanun rugar da ke gabas da mu sun rusa gefensa garin shan ruwa. Dole duk mako a rufe ruwan daga sama a yi gayyar yasa. Ana idar da sallar asuba kowa ya saɓo shebur ɗinsa, wani dattijo ya bi gefen kanal yana nunawa da ƙafa, "Kai daga nan zuwa nan, kai kuma daga nan." Ba alama sai ɗan hoge ko ƙullin ciyawa. Mu faɗa ciki, laka har gwiwa, matsattsaku suna maƙalewa a ƙwauri, ɓawon dodon koɗi yana tsaga tafin ƙafa. Abin da ya fi ci mini rai shi ne tsayuwa cikin ruwa da ƙishirwa. Yana taɓa jikinka ko'ina ban da inda kake so.

Tarba kuwa ga yadda take. In ka gama naka ka ga na kusa da kai da saura, ba ka zuwa gabansa, ba ka ce masa sannu. Sai ka zagaya can ɗaya bakin rabonsa, ka faɗa ciki, ka ba shi baya, ka riƙa yasa kana tahowa. Shi ma kansa yana ƙasa. In shebur ɗinku suka haɗu, kowa ya haye sama, a kama hirar farashin albasa. Ba a godiya. Wannan ita ce dokar, ko da yake ba wanda ya taɓa faɗa mini ita da baki. In ka yi godiya ka yarda ke nan an ɗauke maka, ka kuma tilasta wa mutum ya yarda ya ga kasawarka.

Mahaifina, Baba Dauda, tari ya kama shi tun lokacin sanyi. Ya rame har riga tana yawo a jikinsa, amma shi ne na farko a bakin kanal. Maƙwabcinmu, Kawu Idi, wanda ba abin da ya haɗa mu sai katanga, kullum sai ya san yadda ya yi ya faɗo kusa da shi. "Dauda, matsa can, ni nan na saba," haka yake cewa. Ta ɗaya gefen kuma ni ne, ko wani ƙato daga cikin abokaina. Baba ya yi 'yar yasarsa, mu tarbe shi gaba da baya, a hau sama tare, ya ma riƙa yi mana faɗa wai yaran yanzu ba su iya riƙe shebur ba.

Gaskiya ɗaya ce, tarba tana da 'yan cin bulus. Akwai wani Tanko, ƙato ne sosai, amma cikinsa ba ya murɗawa sai ranar yasa. Shi da ire-irensa suka sa mutane suka fara gunaguni, har manyan ƙungiyarmu ta manoman rani suka je suka ɗauko wani malamin gona ya zo ya gyara rabon. Saurayi ne mai ladabi, da malafarsa, ya gaida kowa da sunansa. Ya zo da igiya mai ƙulli-ƙulli da turaku da aka shafa wa jan fenti a ka. Ya tara mu ya ce kowace gona da rabonta, kowa ya tsaya tsakanin turakunsa. Wanda bai gama ba, ba shi da ruwa a makon. Wanda ya sa hannu a rabon wani, shi ma haka.

"Don kada a cuci kowa ne," in ji shi. Mutane suka ce madalla. Ni ma na ce madalla, don Tanko nake hange.

Da yake gonakinmu biyu ne, rabo biyu aka ba mu. Nawa ya faɗo can sama, na Baba a tsakiya, Kawu Idi kuma aka jefa shi can ƙasa. Aka fara. Kafin hantsi ya yi ƙarfi mutane suka soma hayewa ɗaya bayan ɗaya. Tanko ma ya gama tsaf, ciki bai murɗa ba, aka yi ta yi masa ihu ana dariya. Sai dariyar ta fara mutuwa daga wani gefe. Na ɗago kai. Kanal ya yi fes daga sama, ya yi fes daga ƙasa, a tsakiya kuwa ga baƙar laka jibge tsakanin jajayen turaku biyu, ga Baba a ciki shi kaɗai.

Na sheƙo da gudu da shebur ɗina. Malamin ya sha gabana. "Yi haƙuri, samari. In na bar ka, na bar kowa ke nan."

Na ce, "Ubana ne fa!"

Baba bai ko ɗago ba. "Lawan, koma," ya ce.

Kawu Idi ya zo ya zauna a gefen kanal ya ba shi baya. Da mutane suka gani, da yawa suka juya su ma, don abin da ya rage musu ke nan. Amma kunne ba ya juyawa. Muna jin shebur, mu ji tari, mu ji shebur, mu ji tari, tsakaninsu yana ƙara nisa. Rana ta hau ka, inuwa ta shige ƙarƙashin ƙafa. Can sai muka ji shiru. Da na juya yana durƙushe, kafin in isa ya kife a gefe cikin lakar.

Muka ɗauko shi zuwa gindin mangwaro, idonsa ya juye, leɓensa ya yi fari. Malamin nan da kansa ya ruga ya ɗebo ruwa a malafarsa yana yayyafa masa, hannunsa yana rawa. Liman ya ce a ba shi ya sha, rai ya fi. Aka ɗura masa ruwa a baki da rana tsaka, cikin azumi, a gaban duk mazan garin. Ya haɗiya, ya buɗe ido, ya bi fuskokinmu da kallo ɗaya bayan ɗaya. Har yau ban manta da wannan kallon ba, kuma har yau yana yi mini ciwo.

Ruwa dai an ba mu a makon, har da ƙari. Malamin ya ce a ƙarasa rabon Baba, ya kuma zo har gida dubiya. Amma washegari bayan an sha ruwa, Baba ya sa rigarsa ta Juma'a, ya ce in riƙe masa hannu, muka taka zuwa ƙofar Kawu Idi. Ya yi sallama, Kawu ya fito yana goge baki.

"Idi, na gode," in ji Baba. "Na daɗe da sani."

Kawu Idi ya ce, "Haba Dauda! Me na yi maka?" Sai ga hawaye a gemunsa.

Daga ranar Baba bai sake taka bakin kanal ba. Tarin ma ya warke da damina ta sauka, ya ƙara shekaru a duniya, amma a zaure ya ƙare su yana tufkar igiya. In an yi maganar gona sai ya tashi ya shige gida.

To, ku gaya mini, wanda ya ga wannan, in an kafa masa allo mai ja da kore a bango, me zai gani in ba turaku ba?

Shi ya sa tun makon farko na ja abokan aikin nan biyu gefe, a bayan janareta, na karya dokar na yi magana. Na ce in muka ɗauke wa Malam Sabi'u aiki a fili, allon zai nuna an kwashe masa, Hajiya za ta tambayi dalili. In muka bar shi, layinsa zai yi ja ya ƙi sauka, za ta tambayi dalili. Mafita ɗaya ce, mu ci gaba da aron fayil kamar da, mu yi aikin, amma a bar shi da sunansa a manhajar, shi ya danna an gama. Na ce kuma kada Nafi'u ya ji, don yaron nan kunnen Hajiya ne. Suka ce haka ne.

Muka yi ta yi. Fanka tana juya iska mai zafi, ƙaurin shinkafar da ake turarawa a injinan bayanmu yana shigowa ta taga, motocin tumatir daga Kadawa suna wucewa suna girgiza benen. Bayan azahar lambobi su fara iyo a gabana, in wanke fuska in dawo, in gama na Sabi'u sannan in koma kan nawa. Kafin tsakiyar mako layinsa ya yi kore shar. Namu kuwa aiki yana kwana yana tsallakawa wani makon, har muka yi ja mu uku muka zauna a haka. Ni murna ma nake yi. Duk Litinin in kalli allon in ce a raina, to, auna mana mu gani.

Ashe abin yana koyo. Da ya ga Malam Sabi'u yana gama komai da wuri, sai ya fara nuna cewa yana da sarari fiye da kowa. Ana cikin goman ƙarshe, wata Litinin, Hajiya ta ce an samu sabon aiki a wani injin casa a Bunkure. Dole mutum ya je can ya zauna kwanaki, ya bi rasitan sito ɗaya bayan ɗaya, kuma duk rubutun hannu ne. Ta juya ta kalli allon.

"Malam Sabi'u, kai kaɗai ne kore. Wallahi ka ba mu kunya duka, Allah ya ƙara lafiya. Ka fara jibi."

Na san sito irin wannan, duhu ne da ƙurar ƙaiƙayi, rasitan kuma da biro mai mutuwa ake rubuta su a kan gwiwa. Ba taga, ba teburin kusa, ba mai zuwa aron fayil.

Na ce, "Hajiya, da na raka shi. Na san mutanen wurin."

"Baba Lawan, dubi layinka fa. Ja zur! Ni tunanin da nake yi ma yadda zan rage maka ne." Ta kalli sauran biyun. "Ku ma haka. Ba inda za ku."

Malam Sabi'u ya ce, "To, Hajiya. Allah ya kai mu." Ya cire tabarau ya shiga gogewa.

Ni ban ga kuskure a nan ba, tarko na gani. Na ce a raina ta sani, tun tuni ta sani, so take ya je ya kife a gaban baƙi don ta sami abin faɗa. Wa ya gaya mata kuwa in ba mai riƙe da allon ba? Ana fita sallar azahar na tare Nafi'u a matakala.

"Ka kyauta," na ce. "Sai ka je ka karɓi tukuicinka."

"Baba, me na yi?"

"Kada ka raina mini hankali! Wa ya kai mata maganar Malam Sabi'u?"

Ya tsaya ya dube ni, fuskarsa ta canja. "Baba, ni ma ina da ido. Tun makon farko nake ganin rubutunka a fayilolinsa. Wallahi ban faɗa wa kowa ba. Abin da kuka zuba wa manhajar shi ta dawo muku da shi. Ɗazu da na buɗe baki, me zan ce? In ce koren ƙarya ne, a gabansa?"

Na wuce alwala. Ban yarda da shi ba, amma maganar ta bi ni har cikin sahu. Na wuni ina juya ta. In na je na gaya wa Hajiya gaskiya, ni ne na kafa masa turken da hannuna. In na yi shiru, jibi yana cikin lakar shi kaɗai. Na sha ruwa a ranar ban ji ɗanɗanon komai ba, har uwargida ta tambaya ko kunun ne bai yi ba.

Washegari na zo da niyyar in ce ba ni da lafiya gobe, in bi shi Bunkure a ɓoye. Ban sami damar faɗa masa ba. Ya shigo da farar shadda mai guga da hular da yake sawa ranar Juma'a, alhali Talata ce. Bai zauna a teburinsa ba, ya zo ya tsaya a gaban nawa, ya dafa shi da hannu biyu.

"Lawan," ya ce, "na gode. Ka gaya wa su wancan ma na gode."

Na ce, "Haba Malam! Me aka yi? Zauna mana mu yi magana."

Ya yi murmushi, ya gyara hula, ya je ya ƙwanƙwasa ƙofar Hajiya. Aka rufe. Na zauna ina kallon allon, sunansa yana nan da korensa.

Da ya fito ta aiko a kira ni. Na same ta tsaye, idonta ya yi ja. "Baba Lawan, a hannunku na girma a ofishin nan. Me ya sa ba wanda ya gaya mini? Don irin wannan fa na kawo abin! Da na sani da tuni na rage masa, in bar shi da karɓar baƙi da zama da shugabannin ƙungiyoyi, wa ya kai shi iya magana da manoma? Yanzu na ce masa haka, ya ce a'a, bayan Sallah zai koma wajen ɗan'uwansa a Kadawa. Don Allah ka roƙe shi."

Na ce zan roƙa, kuma na roƙa, har gida na bi shi. Ya shimfiɗa mini tabarma, muka sha ruwa tare, ya yi mini hirar tsadar taki. Da na ɗauko maganar sai ya ce, "Lawan, kujerar da za a ajiye mini don tausayi, kai za ka iya zama a kanta?" Na yi masa sai da safe na kama hanya.

Ko Hajiya da gaske take? Fuskarta dai ta gaske ce. Amma malamin nan mai malafa shi ma hannunsa rawa yake yi lokacin da yake yayyafa wa Baba ruwa, kuma bai hana abin da ya faru faruwa ba. Na yarda da ita rabi, rabin kuma na ajiye.

Aka yi Sallah, aka dawo. An cire layin Malam Sabi'u, an matso da sunayenmu sama, ba ko gurbi. Teburinsa aka ɗora wa firinta. Zafi bai ragu ba, hadari yana haɗowa da la'asar yana watsewa kamar wancan karon. Ni kuma na ɗauka da zarar na daina ɗaukar kayan wani zan koma kore, sai na ga shiru. Azumi ya wuce, amma bayan azahar lambobin ba su daina iyo ba.

Ranar Juma'ar da ta wuce na bar fayil ɗin wata ƙungiyar manoman shinkafa a rabi, kaina ya yi nauyi, na ce sai Litinin. Yau da safe na hau benen ina shirin ganin ja, ina ma shirya abin da zan ce wa Hajiya. Na tarar da fayil ɗin a kan teburina, a gyare tsaf, har an jera rasitan. Na ɗaga kai, layina kore, an danna an gama, da sunana.

Na ce to, wannan kuma wane sabon tarkon ne? Na bi ofishin da kallo. Kowa yana harkarsa. Nafi'u ya ba ni baya, ya kafa wa kwamfutarsa ido kamar yau ya fara ganinta. Sai na tuna ranar Juma'ar, ina haɗa jakata, ya wuce ta teburina ya ce, "Baba, ara mini wannan fayil ɗin, akwai abin da nake nema a ciki." Ni kuma na miƙa masa ko a jikina.

Na ɗora hannu a kan fayil ɗin. Kalmar godiya ta zo har bakina, na haɗiye ta.

"Nafi'u," na ce, "ƙara mana fankar nan, zafi ya yi yawa."

Ya tashi ya ƙara, bai dube ni ba.